Gida a Bayan Mota, Rairayi a Ƙarƙashinta

A shekarar 1941 hukumar sojan Ingila da ke Masar ta yi wa wata ƙaramar rundunarta abin da kowa zai ɗauka gata ne. Rundunar, wadda ake kira Long Range Desert Group, aikinta shi ne kutsawa cikin hamadar Libiya ta bayan abokan gaba, ta yi makonni ba a ji ɗuriyarta ba, sannan ta dawo da labarin abin da ta gani. Motocin da ta fara aiki da su Chevrolet ne irin na kasuwa, waɗanda ƙafafun baya kaɗai ke ja. Da suka gaji, sai aka musanya mata su da Ford masu ja da ƙafa huɗu. Cikin kimanin shekara guda rundunar ta koma kan Chevrolet mai ja da ƙafa biyu, kuma ba a ji wanda ya yi kukan rabuwa ba. Ford ɗin sun fi nauyi, sun fi shan mai, saboda haka nisan da suke iya kaiwa kafin su juyo ya ragu.

Wannan labari nake tunawa duk sa'ad da na ci karo da bidiyon nan da suka cika YouTube, inda wani Bajamushe ko mutumin Ostireliya ya sayi ƙaramar bas mai ja da ƙafa huɗu, ya fitar da kujerunta, ya shafe watanni yana kafa mata gado da kabad da murhu da firiji da tankin ruwa, ya shimfiɗa faifan sola a samanta, daga nan ya nufi bakin teku ko tudun rairayi. Sau da yawa bidiyo na gaba shi ne na ranar da motar ta kafe har ciki. Buri biyu ne aka ɗaure wa mota ɗaya, na gida da na hamada, kuma tun da aka fara sa taya a kan yashi suke jan juna. Gida yana son kaya. Rairayi kuwa ba abin da ya tsana kamar kaya.

Wanda ya taɓa lura da sawun raƙumi ya riga ya san rabin ilmin. Tafin ƙafarsa shimfiɗaɗɗe ne mai taushi, idan ya taka sai ya baje, nauyin ya rarrabu a kan fili mai faɗi. Jaki da doki, da kofatonsu ke da ƙanƙanta da tauri, su ne ke nitsewa. Da haka ayarin Kano da Gat da Tarabulus ya rayu ɗaruruwan shekaru, har jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karkatar da fata da gyaɗa zuwa Ikko. Da haka kuma ayarin gishiri na Abzinawa yake ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma har gobe. Kowane madugu ya san iyakar abin da zai ɗora wa raƙuminsa, kuma ya san cewa abin da ya haura wannan iyaka, a hanya za a bar shi, ko kayan ko dabbar.

Turawan da suka fara kawo mota Sahara sun ga matsalar, amma maganin da suka fara kawowa na masu kuɗi ne. André Citroën, mai kamfanin motoci na Faransa, ya ɗauki dabarar wani injiniya mai suna Adolphe Kégresse, wanda ya taɓa kula da motocin Sarkin Rasha, ya kuma ƙirƙiro musu bel na roba a madadin tayoyin baya domin tafiya a kan dusar ƙanƙara. Abin da ya hana mota nitsewa a ƙanƙara, in ji su, zai hana ta nitsewa a yashi. Ranar 17 ga Disamba 1922 motoci biyar irin waɗannan suka tashi daga Tugurt a Aljeriya ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka shiga Tumbutu ranar 7 ga Janairu 1923. Tafiyar da ayari ke yi a watanni, mota ta yi ta a mako uku. Sai dai kafin su tashi an riga an tura wasu motocin sun jibge musu mai da abinci a zango-zango, abin da ba a cika faɗa a tallan kamfanin ba.

A ƙarshen Oktoba 1924 Citroën ya sake tura ayari mafi girma, motoci takwas kowace da tirela a bayanta, daga Kolom-Beshar. Wannan karon sun biyo ta ƙasarmu: Yamai, Tasawa, Damagaram, sannan Tafkin Cadi. Da su akwai mai ɗaukar fim da mai zane, kuma Sarkin Tasawa Barmu yana cikin waɗanda suka fito a hotunan da aka nuna wa mutanen Faris. A cikin tirelolin nan akwai tantuna da gadaje da kayan girki. Wannan gidan tafiya ne da ya ratsa ƙasar Hausa a bayan inji, ko da yake sai an tsaya an kwance shi kafin a kwanta.

Bel ɗin Kégresse bai daɗe ba. Yana da jinkiri, yana saurin cinyewa a kan duwatsu, kuma Sahara, saɓanin yadda ake zana ta, galibinta tsakuwa ce da dutse da fako, tudun rairayi ɗan kaso ne. A wannan shekarar ta 1924 abokan hamayya, Gaston Gradis da 'yan'uwan nan Estienne, suka ratsa Tanezruft da motocin Renault masu layin ƙafa uku, kowace ƙafa da taya biyu a haɗe. Sun fi sauri, sun fi sauƙin gyara. Kamfaninsu ya yi wa hanyar alama da gangunan ƙarfe a kowane kilomita hamsin, ganga ta biyar ta zama zango mai suna Bidon 5, inda aka ajiye gangar jikin tsofaffin bas biyu masu gadaje domin fasinjoji su kwana. Babu rijiya a wurin, babu itace, babu ko ciyawa.

Amma ainihin ilmin tuƙi a yashi ba daga kamfanoni ya fito ba. Ya fito ne daga wasu hafsoshin Ingila da zaman bariki ya gundura a Alƙahira, waɗanda ke kashe albashinsu da hutunsu a kan tsofaffin Ford. Jagoransu Ralph Bagnold, injiniya ne ɗan sashen sadarwa na soja. Sun gaji wasu dabaru daga 'yan sintirin Yaƙin Duniya na Farko da suka yi yawo a hamadar yammacin Masar da Ford Model T, musamman dabarar adana ruwa: a jona bututu daga bakin lagireto zuwa wani gwangwani mai ɗan ruwa a gefen mota, tururin da ya fita idan inji ya tafasa ya koma ruwa a cikin gwangwanin, inji na hucewa ya zuƙe abinsa. Motar da a da take shan ruwa fiye da mutanen da ke cikinta ta koma kusan ba ta sha.

Bagnold ya ƙara nasa. Kamfas na maganaɗisu ba ya faɗin gaskiya a cikin mota, domin ƙarfen jikinta yana ruɗa allurar, sai ya ƙera na rana: faifai mai lambobi da tsinke a tsakiya, inuwar tsinken ita ke nuna alƙibla, ana juya faifan lokaci-lokaci gwargwadon tafiyar rana. A wata kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Alƙahira ya samo wasu dogayen ƙarafa masu kwarmi, ragowar waɗanda aka yi rufin ramukan soja da su a yaƙi, ya ga cewa idan aka haƙe gaban tayar da ta kafe aka cusa su, mota takan hau ta fita. Duk wani allon leda mai ruwan lemo da ka gani a manne a jikin motar 'yan yawon buɗe ido a yau, jikan wannan ƙarfe ne.

Babbar nasararsa ta zo a 1929, a gefen Babban Tekun Rairayi da ke tsakanin Masar da Libiya, wurin da masana taswira suka riga suka yanke hukunci cewa mota ba za ta shiga ba. Bagnold ya fuskanci wani dogon tudu, ya taka totur iya ƙarfinsa, yana jiran ya ji motar ta nitse. Sai ta haye kamar an ɗaga ta. Daga nan suka fara karantar rairayi kamar yadda masunci ke karantar ruwa. Gefen tudu da iska ke bugawa a daddaɓe yake, yana ɗaukar mota. Gefen da ke ɓoye wa iska, inda yashi ke zubowa, sako-sako ne, gangarensa na kai wa kusan digiri 34, ana iya sauka ta nan a miƙe amma ba a hawa, kuma wanda ya bi shi a karkace zai kife. Da sassafe, kafin rana ta gasa shi, yashi ya fi ƙarfi. Tsakar rana inuwa takan ɓace, idon direba ya kasa rarrabe tudu da kwari. Akwai kuma wuraren da samansu ke kama da ko'ina, alhali ƙarƙashinsu gari ne kamar toka, mota na cikin gudu sai ta tsaya cak.

Sai maganar iskar taya, wadda ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce ta fi saɓa wa tarbiyyar direban kwalta. Dukanmu an koya mana cewa taya mai ƙarancin iska aibi ce, ka tsaya wurin mai faci ya cika maka ita. A kan yashi kuwa cikakkiyar taya ita ce kofaton jaki. Lissafin ba shi da wuya. Faɗin tayar da ke taɓa ƙasa yana bin nauyin da ke kanta a raba da ƙarfin iskar da ke cikinta. Mota mai tan uku tana ɗora wa kowace taya kilo 750. Idan geji ya nuna 36, abin da ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu biyu ba. A sauke iskar zuwa 18, sai ya kusan ninkawa, kuma yawancin ƙarin a tsawo yake, tayar ta zama kamar ɗan gajeren bel na Kégresse wanda ba a biya ko sisi ba. Farashinsa shi ne taya mai laushi tana zafi idan aka yi gudu, dutse na iya yanka gefenta, kuma juyi mai kaifi na iya zare ta daga kan wili. Don haka ana fita daga yashi a koma famfo. Mutanen Bagnold da hannu suke bugawa, a zafin Sahara, sau da yawa a yini.

Sauran ƙa'idojin duk 'ya'yan wannan ne. Kada ka taka birki da ƙarfi, domin taya za ta tara yashi a gabanta ta gina wa kanta katanga; ɗaga ƙafa kawai, rairayin zai tsayar da kai. Idan za ka tsaya, tsaya kana fuskantar gangare. Idan ka ji tayoyi sun fara juyawa mota ba ta motsi, saki totur nan take, domin kowane juyi ƙarin haƙa ne, kuma da zarar cikin mota ya zauna a ƙasa, aikin minti biyar ya zama na yini. A nan ne mai ja da ƙafa huɗu ke yaudarar mai ita. Tana kai shi inda mai ƙafa biyu ba za ta kai ba, sannan idan ya yi gardama ta haƙa masa rami huɗu maimakon biyu.

A 1932 Bagnold da abokansa suka yi tafiyar mil 6,000 da Ford Model A, daga Alƙahira zuwa arewacin Cadi, suka gangara Fashir a Darfur, suka koma. Motocin an tuɓe su ne, an cire duk abin da ba dole ba, aka bar akwatin katako na mai da ruwa da abinci. A ƙasa suke kwana, a gefen taya. Da ya bar soja ya gina bututun iska a Landan ya riƙa hura yashi yana aunawa, har ya wallafa littafinsa kan yadda iska ke tafiyar da rairayi a 1941, wanda masana ke amfani da shi har yau. Hukumar NASA ta sa wa wasu tudun rairayi a duniyar Mars sunansa. Shi ne kuma ya kafa rundunar da na buɗe wannan rubutu da ita, saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutanensa suka fifita mota marar nauyi.

Yayin da ake wannan a gabas, wata hanya ta buɗe a tsakiya, kuma ƙarshenta Kano. Daga Aljas ake tasowa, a bi In Salah, Tamanrasat, In Gezzam, Agadas, Damagaram. A shekarun 1930 kamfanin Georges Estienne yana jigilar fasinja a kanta lokacin sanyi. A Disamba 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur Panther mai akwatin fasinja a gefe, suna jan 'yar tirela mai tanti. Injinsu ya lalace kafin Agadas, suka yi zaman jiran kayan gyara, suka wuce ta Kano, suka isa Kef Tawun a Yuli 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, da jiragen ruwa suka yi ƙaranci, iyalai 'yan Ingila masu ƙaura zuwa Afirka ta Kudu da Rodeshiya suka riƙa sayen gwanjon motocin soja, su kafa musu gadaje da murhu, su ɗebi mata da yara su faɗa Sahara. Kano ce wurin da suke fara ganin famfo da kanti da makaniki bayan makonni. Waɗannan ne magabatan masu bidiyon yau, kuma su larura ce ta sa su.

Motar kwana a matsayin hajar sayarwa ta zo da arziƙin Turai na bayan yaƙi. Volkswagen ya fitar da ƙaramar bas ɗinsa a 1950, shekara guda bayan haka kamfanin Westfalia ya fara ƙera mata akwatin da ake sakawa a ciki, mai gado da kabad, a cire shi ranar Litinin motar ta koma aiki. A Ingila kamfanin Dormobile ya yi suna da rufin da ake ɗagawa, har ya riƙa yi wa Land Rover. Ba don hamada aka yi su ba. Don bakin tafki aka yi su, da hutun mako biyu. Amma bas ɗin Volkswagen ta zo da wata baiwa da ba a shirya ba: ba ta da nauyi, injinta a baya yake a kan tayoyin da ke ja, iska ke sanyaya shi don haka ba ruwan da zai tafasa, kuma cikinta a ɗage yake daga ƙasa. Da ita matasan Jamus da Holan da Faransa suka cika hanyar Tamanrasat a shekarun 1970 da 1980.

Tare da su akwai wasu da suka fi su sanin abin da suke yi, masu kawo tsofaffin Peugeot 504 da 404 su sayar a Arlit da Agadas da Yamai, su biya kuɗin jirgin komawa da ribar. Manyanmu da suka yi harkar mota a wancan zamani sun san su. Tsakanin Tamanrasat da In Gezzam kilomita 400 ne, kuma a lokacin yawancinsu babu kwalta. A wajen Lawuni akwai wani shimfiɗaɗɗen yashi mai laushi da ya zama maƙabartar motoci, gawarwakinsu a jere har suka zama alamar hanya. Masu 504 da babu komai a cikinta sai jarkoki da shebur sukan sauke iska, su ɗauko gudu daga nesa, su wuce. Waɗanda suka fi wahala su ne masu ɗauke da gida.

Injiniyoyin Volkswagen sun lura. A ƙarshen shekarun 1970 suka ƙera 'yan samfura masu ja da ƙafa huɗu suka gwada su a Sahara, amma sai 1985 aka fitar da Syncro kasuwa, wadda kamfanin Steyr-Daimler-Puch ke haɗawa a Graz ta Ostiriya. Japanawa sun riga su: tun 1982 Mitsubishi ya ɗora jikin bas ɗinsa Delica a kan ƙafafun Pajero. Daga nan aka samu abin da ake ta mafarki, ɗaki mai tafiya wanda zai iya barin kwalta. Sai dai ita kanta na'urar ja da ƙafa huɗu tana da nauyinta, kuma daga cikin kayan da motar za ta iya ɗauka ake cire shi.

A nan ne lissafi ke kama mai gini. A Turai lasisin tuƙi na gama-gari ya tsaya a tan 3.5, mota da duk abin da ke cikinta. Babbar bas irin Sprinter mai ja da ƙafa huɗu ta riga ta haura tan biyu tun tana wayam. A sa katakon bango da na daɓe, a sa gado da kabad, a sa batura da firiji da tukunyar gas. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, babu ragi, tankin lita ɗari kilo ɗari ne. Mai a yashi mai laushi yakan kusan ninka abin da ake sha a kwalta, don haka sai an ƙara jarkoki, su ma nauyi ne da ke ƙara shan man. Taya ta biyu ta ajiya, jak, famfo, allunan fita daga yashi, kayan gyara. Kafin mutum biyu su shiga da jakunkunansu an kai iyaka, sau da yawa an wuce. Abin da ya rasa wuri a ciki sai a ɗora shi a sama, wuri mafi muni, domin bas dama doguwa ce, kuma nauyin sama shi ke kifar da mota a gefen tudu. Tayar da aka lafta wa kaya kuma ba ta jure a sauke mata iska sosai. Wato kowane abin jin daɗi da aka ƙara yana rage wa direba dabarar da ta fi kowace amfani a yashi.

A ganina masu ginin da suka fi hankali su ne waɗanda suka fi rowa: katako marar kauri, tankin ruwa a ƙasa tsakanin ƙafafun gaba da na baya, rufi wayam, da kai mota sikeli kafin a tashi. Ba su cika samun masu kallo ba, domin ɗakin nasu ba ya kyau a hoto.

Wanda yake shakkar abin da rashin nauyi ke yi, ya dubi Cadi a 1987. Sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin Hassan Djamous, sun fuskanci tankokin yaƙin Libiya da ɗaruruwan a-kori-kura na Toyota ɗauke da makaman harbo tanka. A Fada cikin Janairu, da Wadi Dum cikin Maris, ƙananan motocin suka riƙa zagaye manyan kafin su juya bakin bindiga. Har yau Yaƙin Toyota ake kiransa.

Zamanin yawon Turawa a tsakiyar Sahara bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Gasar Faris zuwa Dakar, wadda Thierry Sabine ya ƙirƙira bayan ya ɓace a kan babur a hamada a 1977, ta fara a Disamba 1978, ta sa sunan Agadas da Tenere a talabijin na duniya. Itaciyar nan tilo ta Tenere ba ta ga wannan ba. Wata babbar mota ta riga ta kayar da ita a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai. Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairu 1986. Daga farkon shekarun 1990 tawayen Abzinawa a Nijar da Mali da yaƙin basasar Aljeriya suka rufe hanya. Ta ɗan buɗe, sai a 2003 aka sace Turawa 32 a kudancin Aljeriya. A 2008 aka soke gasar Dakar saboda barazana a Muritaniya, ta ƙaura Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya. Masu bas ɗin kwana na yau Maroko suke zuwa, ko Tunisiya, ko Namibiya, ko tsibirin yashi na K'gari a Ostireliya, wuraren da idan ka kafe akwai wanda zai zo ya ja ka kafin ruwanka ya ƙare.

Hanyar kuwa ba ta mutu ba. Baƙi ne kawai suka daina bin ta. Direbobin Agadas da Arlit da Dirku, Buzaye da Tubawa da Larabawa da Hausawa, sun san duk abin da Bagnold ya sani, da wasu abubuwan da bai sani ba, ba tare da sun karanta shi ba. Suna sauke iska da tsinken ashana, su auna da ido. Suna tafiyar dare da asuba. Abin da ba su da ikon bi shi ne ƙa'idar farko, domin ribar tafiyar a cikin lodi take. Hilux da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya takan tashi zuwa Libiya da mutum ashirin da biyar ko fiye a baya, ƙafafunsu na reto a waje, kowa na riƙe da sandar da aka kafa don kada ya faɗo, jarkokin ruwa a rataye a gefe cikin buhu. Ruwan da aka ɗauka na kwanakin da aka ƙiyasta ne. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure a Nijar ta tura direbobi barin hanyar rijiyoyi domin kauce wa jami'ai, har aka soke ta a Nuwamba 2023.

A ƙarshen Oktoba 2013, tun kafin wannan doka, aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito, kudu da Damagaram, tafiyar 'yan sa'o'i daga Daura, suna neman zuwa Tamanrasat bayan damina ta ƙi. Motoci biyu ne suka ɗebe su. Ɗaya ta lalace, ɗayar ta sauke nata fasinjojin ta juya neman kayan gyara, ita ma ba ta dawo ba. Sun jira, sannan suka watsu ƙungiya-ƙungiya neman rijiya. Masu aikin ceto sun same su a warwatse cikin faɗin kilomitoci, wasu a ƙarƙashin 'yan itatuwa, uwa da 'ya'yanta wuri guda. Gwamnatin Nijar ta ayyana makokin kwana uku, aka binne su a inda aka same su.